Samari, jakar fitsarin Baba ba aikin Mama ba ne ita kaɗai

Ranar da aka sallamo Babanmu daga asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, bayan an cire masa furostat (wani ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) saboda cutar kansa, ya dawo gida Tudun Wada da robar fitsari, jakar a ɗaure a cinya, ya rufe da babbar riga. Mu huɗu 'ya'yansa maza muka jera "sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi", kowa ya kama gabansa. Sai a kwana na uku na tarar da Mama a bayi da asuba tana juye jakar, idonta ja wur don rashin barci. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

'Yan uwana, dattijo ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗansa fitsari na zubo masa ba. Kai za ka lura. Aikin kuma ba wuya: ka wanke hannu, ka juye jakar kafin ta cika, kullum ta zauna ƙasa da mararsa don kada fitsarin ya koma ciki. In ka ga ya daina sauka, ko gudajin jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya rufe shi, asibiti za ku koma a daren, ba kyamis ba, ba mai jiƙo ba. Ka riƙe hannunsa ku zaga tsakar gida, don yawan kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa. Ɗaukar kaya mai nauyi kuwa, sai bayan kamar mako 6.

Abin da ya fi karya zuciyar Baba sai bayan an cire robar ya zo: yoyon fitsari. Likita ya ce yakan ɗauki makonni ko watanni, ya koya masa matse naman da ke riƙe fitsari. Amma mutumin da ba ya rasa sahun farko ya ɗauke ƙafa daga masallaci. Sai da na roƙi limamin unguwa ya shigo har ɗaki ya gaya masa cewa a mazhabar Malikiyya mai yoyon da ya lazimce shi alwalarsa ba ta warwarewa da shi. Famfas na manya ni nake sayowa a baƙar leda, in tura ƙarƙashin gadonsa. Bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa ba.

Kada a ce an yi aiki shi ke nan. Gwajin jini na PSA bayan tiyata shi ke nuna ko cutar ta dawo, don haka ka rubuta ranakun asibiti a wayarka. Kuma wanda mahaifinsa ya yi ta, haɗarinsa ya fi na saura. Yayanmu da ya ba 45 baya tuni ya je asibitin Barau Dikko aka ɗibi jininsa.

Juma'ar da ta wuce ni na riƙe wa Baba darduma zuwa masallacin Sultan Bello.