Husufin wata: sararin na gida ne, lissafin na Landan

A Landan, duk mai son ganin husufi ya san mintin da zai fara tun saura mako guda, amma fitilu da dogayen gine-gine da gajimare sun ƙwace masa sararin. A ƙananan garuruwanmu kuwa, irin su Bichi ko Matamaye, sama a buɗe take, ga duhu, sai dai galibi ba a ankara sai an ji yara suna buga gwangwani. A ganina mu ne da riba, sanarwa kawai muka rasa.

Duba na 7 ga Satumba 2025. Wata ya yi minti 82 cikin cikakkiyar inuwar duniya. A Kano ya fito ne da magariba a kame, kuma bai fara saki ba sai 7:52 na dare, wato fiye da awa guda ana kallo. A Landan kusan minti 20 aka samu, shi ma yana can ƙasa-ƙasa kafin duhu ya yi sosai.

Kuskuren farko a agogo yake. Jadawalin husufi na intanet yakan zo da lokacin UTC, wato agogon da duk duniya ke auna lokaci da shi, Najeriya da Nijar kuma sai an ƙara awa ɗaya. Sannan lokacin farko da ake rubutawa na inuwa ce mai rauni wadda ido ba ya kama ta. Mutum ya fito, ya ga wata garau, ya koma ɗaki yana cewa ƙarya aka yi. A jira lokaci na biyu, sa'ad da gefen watan ke gutsurewa.

Husufin wata ba ya faruwa sai daren 13, 14 ko 15 ga watan Musulunci. Ba a buƙatar tabarau, na rana ne ke lalata ido. Idan na magariba ne, a nemi fili mai kallon gabas, bayan gari ko saman soro. A kashe tocilan, domin ido na ɗaukar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu. Jan da ake gani hasken rana ne da ya ratso iskar duniya, kuma hazo kan dusashe shi idan watan na ƙasa. Da damina sai haƙuri da hadari.

Masallatai suna da lasifika. Ladan ya faɗi lokaci bayan la'asar, masu sallar husufi su shirya, yara ma a fito da su.