Tatu a jikin Kirista: a raba dokar Allah da shawarar dattawa

A Damagaram ba a rasa fuska mai zane. Ka ɗan zauna a bakin kasuwar Dole, za ka ga Babarbare da tsagarsa, Bagobiri da tasa har kunne, tsohuwa da jarfar da aka yi mata tun tana budurwa. Wanzami ne ya yi da askarsa, kuma babu wanda ya ce an yi saɓo. A majami'u ma haka ne, cikin dattawan da ke zama a kujerun gaba ranar Lahadi akwai masu bille. Amma bari saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙa ya dawo daga Yamai ko Kwatano da tatun ƙaramin gicciye a damtse, sai a kira taron dattawa, har a soma maganar sa shi a horo.

Ayar da ake buɗe masa guda ce, Littafin Firistoci 19:28, wadda ta hana Isra'ilawa tsaga jikinsu saboda matattu, ta kuma hana su yin zane a jiki. Ayar tana nan, babu mai goge ta. Sai dai tana magana ne a kan al'adar makoki da tsafin al'ummomin da ke kewaye da Isra'ila. Maimaitawar Shari'a 14:1 ta sake kawo wannan hani, can ma a kan mutuwa. A 1 Sarakuna 18:28 kuwa an nuna annabawan Ba'al a Dutsen Karmel suna yanka jikinsu har jini ya zuba, don gunkinsu ya ji su. Abin da aka raba jama'ar Allah da shi ke nan.

Wanda ya ce shi dai harafin ayar zai bi, to ya matsa sama kaɗan a wannan sura ta Firistoci. Aya ta 27 ta hana aske gefen kai da rage gefen gemu. Aya ta 19 ta hana shuka iri biyu a gona ɗaya, ta hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Wane manomi ne a ƙasar nan, daga Mirriya har Magarya, ba ya haɗa hatsi da wake a gonarsa? Ban taɓa jin an hana wani Jibin Ubangiji saboda wake ba.

Ba ina cewa a yar da surar ba ne, don a cikinta, aya ta 18, aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ikilisiya tun farkonta ta san yadda take rarrabewa. Da gardama ta tashi a kan ko sai Al'ummai, wato masu bi da ba Yahudawa ba, sun bi Shari'ar Musa, manzanni suka taru a Urushalima, labarin yana Ayyukan Manzanni sura 15. Abu huɗu suka ɗora wa sababbin masu bi: su guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Zanen jiki ba ya ciki, kuma babu inda Sabon Alkawari ya dawo da shi a matsayin doka.

Sai a koma 1 Korantiyawa 6:19, a ce jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Gaskiya ne, amma Manzo Bulus a wurin yana faɗa da fasikanci ne. In za a shimfiɗa ayar a kan duk abin da ya taɓa fata, hudar kunne ta shiga, tsagar kakanni ta shiga. Man bilicin ma da ke cinye fatar mata ya fi cancanta a fara da shi, amma shi ba a kira masa taro.

Akwai kuma Kiristocin da suka riga mu karɓar bishara da ɗaruruwan shekaru. Kibɗawan Masar suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu, galibi tun suna yara. A Habasha akwai mata masu gicciye a goshi. A tsohon birnin Urushalima gidan Razzouk sun gaji sana'ar yi wa masu ziyarar ibada tatu, kaka da kakanni. Cocin Katolika ba ta da dokar da ta haramta shi, kuma a Maris 2018 Paparoma Francis ya gaya wa taron matasa a Roma kada a ji tsoron tatu, ya dai ja kunne a kan wuce gona da iri. Mu da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya iso mana a 1924, da wane baki za mu ce waɗannan duka a cikin zunubi suke?

Duk da haka, in saurayin nan ya zo wurina kafin ya yi, cewa zan yi ya dakata, kuma dalilaina na nan garin ne. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a ƙidayar hukuma. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hadisi a Bukhari da Muslim da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, don haka ido ɗaya suke kallon abin da shi. A bakin mutanen gari kuma mai tatu ɗan palais ne, wato ɗan daba, ko tsohon ɗan kaso, ko da yaron kirki ne. Wanda zai nemi aiki, ya nemi aure, ya zauna a fada da abokai, ya san da wannan. Bulus ɗin da ya kare ƴancin mai bi shi ne ya ce a 1 Korantiyawa 10:23 ba duk abin da ya halatta ne yake da amfani ba.

Batun tsaro ma ba wasa ba ne. Wanda ya ga 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, ba sai an yi masa bayani ba. Matasanmu suna bin hanyar Agadas zuwa Libiya neman kuɗi, kuma a 2013 an kama Kibɗawa da dama a Bengazi, rahotanni suka ce har gicciyen hannunsu aka duba. Sarƙa ana cire ta a sa a aljihu, tatu kuwa sai da injin leza, da kuɗi mai yawa, da zuwa sau da sau. Wanda ya zaɓi ɗaukar shaidar a fatarsa da saninsa ina girmama shi. Wanda ya yi don ya ga Messi da hoton Yesu a damtse, bai yi lissafi ba. Ga kuma allura: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, kuma allurar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita tana ɗaukarsa, tana ɗaukar sida.

Hujja mafi ƙarfi a hannun dattawa ba su cika amfani da ita ba. Girmama iyaye doka ce da Afisawa 6 ta maimaita ƙarara. Yaron da ke cin tuwon gidan ubansa, uban ya ce kada ya yi, ya je ya yi a ɓoye, yana da laifi, kuma laifin rashin biyayya ne. A kan wannan za a yi masa faɗa.

Abin da nake roƙon fastoci shi ne su kira kowane abu da sunansa. Su ce: ɗana, wannan shawarata ce, ga dalilaina. Matasan yanzu suna da Littafi Mai Tsarki a wayarsu, za su karanta aya ta 19 da ta 27 kafin a tashi daga sujada, kuma ranar da suka gane an sa wa Allah magana a baki, ba za su ƙara yarda da fasto ba ko a inda yake da gaskiya. Romawa 14 ta bar irin waɗannan batutuwa ga lamirin mai bi, ta hana mai ci ya raina marar ci, ta hana marar ci ya hukunta mai ci. Horo a bar shi ga laifofin da Nassi ya ambata. Wanda kuma ya zo neman baftisma da zanen da ya yi tun kafin ya tuba, ko na damisa ne ko sunan tsohuwar budurwa, a yi masa baftisma da abinsa.