Tambayar da wata tsohuwa ta yi mini a gadar Selma

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na zauna rubuta ta. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Kimiyya ce ta kawo ni, amma akwai darasin tsarin mulkin ƙasar da na ɗauka don cike gurbi, kuma malamin ya shirya mana tafiya zuwa wani gari mai suna Selma ranar Lahadi 9 ga Maris 2025, lokacin da ake tunawa da cika shekara 60 da dukan da aka yi wa baƙar fata masu neman 'yancin zaɓe a gadar garin. Da azumi a bakina na tafi.

Selma ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu 20 ba, mafi yawansu baƙar fata. Wanda ya san Amurka a talabijin ba zai yarda cewa nan ma Amurka ce ba. Babban titin garin yana da faɗi, amma shaguna da yawa an danne tagoginsu da katako, fenti ya kwaɓe, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa. Wasu gidajen har yanzu ba su murmure daga guguwar da ta ratsa garin a Janairun 2023 ba. Ranar dai gari ya cika maƙil. Motocin coci daga jihohi masu nisa sun yi jere, masu sayar da riguna da huluna sun kafa rumfuna, hayaƙin gasasshen nama ya cika iska, ni kuwa ina ta haɗiye yawu. Tsofaffi a keken guragu, jikoki na tura su. Mun fara tsayawa a cocin Brown Chapel, ginin jan bulo mai hasumiya biyu, inda masu zanga-zangar 1965 suke taruwa kafin su fita.

Gadar kuwa tana da doro. Ƙarfe ne ya lanƙwasa a samanta kamar baka, kogin Alabama yana gudu a ƙasa can nesa, ruwansa kalar ƙasa. Idan kana hawa daga ɓangaren gari ba ka ganin abin da ke ɗaya ƙarshen sai ka kai tsakiya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin haka mutum kusan 600 suka hau ta ranar 7 ga Maris 1965, biyu-biyu, jagororinsu John Lewis da Hosea Williams a gaba, ba su ga abin da ke jiransu ba sai da suka kai kan doron. 'Yan sandan jiha ne a jere, bayansu ga mutanen Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, wasu a kan dawakai. Aka ba su minti biyu su watse, ba a ma jira lokacin ya cika ba aka afka musu da kulake da bulala da barkonon tsohuwa. An fasa wa John Lewis kai, yana ɗan shekara 25. Amelia Boynton, ɗaya daga cikin jagororin, an doke ta har ta suma a kan titi.

Me suke nema? Su yi rajistar zaɓe, shi ke nan. Tun 1870 tsarin mulkin Amurka ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa, amma jihohin kudu suka zagaye dokar. Sai an ba ka wani sashe na tsarin mulki ka karanta ka yi bayani, kuma mai rajistar, farar fata, shi ke yanke ko ka ci ko ka faɗi. A gundumar Dallas, inda Selma take, ofishin rajista kwana biyu kacal yake buɗewa a wata. Baƙar fata da suka isa zaɓe sun kai dubu 15, waɗanda ke cikin rajista 'yan ɗaruruwa ne. Wanda ya yi ƙarfin halin shiga layi, washegari yana iya rasa aikinsa. Bayan dukan gadar, da tattakin mil 54 zuwa Montgomery, babban birnin jihar, da aka kammala ranar 25 ga Maris, da kisan masu fafutuka uku, Jimmie Lee Jackson da James Reeb da Viola Liuzzo, sai shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta 1965.

Duk wannan na karanta shi kafin mu je, har na ci jarrabawa a kansa. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsohuwar da na tsinci kaina kusa da ita muna hawa gadar. Ta haura shekara saba'in, da sanda a hannu, ta sha farar hula da jan baki. Ta dafa kafaɗata don hawan ya yi mata tsayi, ta dubi hijabina ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya. Ta yi murmushi, ta ce tana 'yar makaranta ta bi sahun nan a 1965, ba da sanin mahaifiyarta ba, kuma har yau idan ta shaƙi wani irin hayaƙi sai ƙirjinta ya buga. Muna kaiwa kan doron ta tsaya ta huta, sai ta ce, "'Yata, a ƙasarku ana barin ku ku yi zaɓe?"

Na ce, "Ana bari, Mama."

Ta ce, "To ke kin yi?"

Ƙarya ba ta dace da mai azumi ba. Na ce mata ban taɓa yi ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ina gida Zariya, na isa zaɓe, na ma yi rajista, amma ban je na karɓi katina ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai, ta gyaɗa kai, ta sake dafa kafaɗata muka gangara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota muna komawa, zuciyata ta fara kare kanta, kuma har yanzu ina ganin wasu daga cikin hujjojin nawa gaskiya ne. Ita ba ta san abin da muka gani a watan nan na ƙarancin kuɗi ba. Ba ta san maganar da muke yi a gida cewa ko ka yi ko ba ka yi ba, an riga an rubuta. Ba ni kaɗai ba ce: cikin mutum miliyan 93 da ke rajista, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba. Kuma wannan Amurkar da wasu 'yan ajinmu ke magana kamar ita ta ƙirƙiro adalci, bari in gaya muku yadda take. Ba yawan ƙuri'a ke naɗa shugaban ƙasa ba, wakilan zaɓe ne guda 538, wanda ya samu 270 ya ci. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku, amma shi ya shiga fada. A nan Alabama, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilai tara gaba ɗaya, saura ƙuri'un kamar ba a kaɗa su ba. Jihar Wyoming da ba ta kai mutum dubu 600 ba tana da sanata biyu, daidai da California mai kusan miliyan 39. Mu da muka ari tsarinsu a 1979 mun ma gyara shi, tunda namu ɗan takarar sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Dokar da aka zubar da jini a gadar nan don samunta, Kotun Ƙoli ta cire mata haƙori a 2013, da alƙalai biyar a kan huɗu, kuma ƙarar daga gundumar Shelby ta fito, a nan cikin Alabama. Gadar kanta har gobe sunan Edmund Pettus take ɗauke da shi, janar na ɓangaren masu bautar da bayi kuma jigo a Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ƙin baƙar fata. Sannan ga 6 ga Janairu 2021, da mutane suka fasa ginin majalisa don ba su yarda da sakamako ba. Da a Abuja aka yi haka, da mun ji sunayen da za a kira mu da su.

Duk na lissafa wa kaina wannan, amma kunyar ba ta tafi ba. Domin tsohuwar nan ba ta ce ƙasarta ta fi tawa ba. Ita ta fi ni sanin muguntar ƙasarta, a jikinta ta gani. Abin da ta tambaye ni daban ne.

Inda suka yi mana nisa, kuma na faɗa da ɗaci, shi ne ba sa bari a manta. Kowace kwana a Selma akwai allo da ke cewa a nan aka yi kaza. A Montgomery akwai wani wurin tunawa da aka buɗe a 2018, ginshiƙan ƙarfe kusan 800 masu kalar tsatsa suna rataye daga rufi, kowanne yana wakiltar gunduma guda, an zana sunayen baƙar fatan da gungun mutane suka kashe a cikinta ba tare da shari'a ba, fiye da mutum 4,400 daga 1877 zuwa 1950. Ƙasan wurin tana gangarawa a hankali, tun kana kallon ginshiƙan ido da ido har ka ga suna lilo a saman kanka. Yara 'yan firamare ake kawowa. Da John Lewis ya rasu a 2020, sai da aka ɗora gawarsa a keken doki aka haye gadar nan da ita. Na san akwai 'yan siyasar da ke faɗa a kan abin da za a koyar da yara daga wannan tarihi, amma faɗan kansa shaida ne cewa tarihin yana da rai.

Mu fa? A Zariya aka haife ni. Sau nawa na wuce asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, har na kwana a ciki ina jinyar ƙanwata, amma a wurina suna ne na asibiti kawai. Na iya kawo ranakun Selma ɗaya bayan ɗaya, amma sai da na dawo ɗaki daren nan na zauna na bi tarihin matar da aka ɗaure sau 16, aka doke ta, aka kore ta daga Kano, saboda ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya ta ce mata su fito a dama da su. A zaɓen 1959 matan kudu sun kaɗa ƙuri'a, matan Arewa ba su da wannan damar. Sai a 1976 aka ba su, shekara 11 bayan dokar Johnson. Ashe ba wani tsohon zamani ba ne. Mutanen da suka sha duka da ɗauri tun daga kafa NEPU a Kano a 1950, talakawan da aka ja gaban alƙali don sun halarci lacca, ina sunayensu suke a rubuce? Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, yana nan a Gwammaja, Allah ya saka wa masu riƙe da shi, amma makarantarmu ba ta taɓa kai mu ba, ni ma ban taɓa cewa a kai ni ba. Muna da namu gwarazan da ba su gaza na kowa ba, wannan ba zan janye shi ba ko a gaban wa. Mun dai bar su a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Wajen ƙarfe goma da rabi na dare a nan, lokacin ana sahur a gida, na kira kakata. Ta ɗauka tana cewa, "Kishiya, lafiya da tsakar daren nan, ko kewar mijin nawa ce ta hana ki barci?" Na ce, "Hajiya, tambaya gare ni. Kin tuna ranar da kika fara yin zaɓe?"

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce yaya za a yi ta manta. A 1979 ne, da damina, tana goyon babana. Ta ce ita da matan gidan sun yi lalle tun daren, suka ɗauko zannuwan da suke ajiyewa don biki. Malam, Allah ya jiƙansa, da farko ya ce ba inda za su, sai da yayarsa ta zo ta tsaya a zaure ta ce tare za su tafi. Ta ce layin mata ya fi na maza tsawo, ruwa ya sauko, ba wadda ta motsa. Makulli, alamar jam'iyyar PRP, ta dangwala wa, saboda Malam Aminu. Da Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, aka soke haraji da jangali, ta ce har guɗa suka yi a tsakar gida. Da aka tsige shi a 1981 kuwa, ta yini ba ta ci abinci ba. Ta ce ta taɓa ganin Gambo da idonta sau ɗaya a Sabon Gari, a wajen wani suna, mata sun kewaye ta.

Shekara ashirin da ɗoriya ina kwana a ɗakin matar nan, ina cin tuwonta, tana yi mini kitso da tatsuniya, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Ta ce katinta na yanzu yana cikin adaka, tare da fasfonta na Makka, kuma a 2023 a Keke Napep aka kai ta rumfa saboda ciwon gwiwa. Ni ina gidan a ranar, ina ɗaki da waya a hannu. Ban ma san ta fita ba.

Na ce mata idan na zo hutu zan zo da abin naɗar magana, ta ba ni labarin tun daga farko, da sunayen matan da suka tsaya a layin nan tare da ita. Ta ce mutum uku ne suka rage a raye, ɗaya ma ba ta gane mutane yanzu. Sai na ji ladan daga masallacin ƙofar gidanmu ta cikin wayar, muryar da na yi wata goma sha takwas ban ji ba. Ta ce, "Bari in kurɓi ruwa, Kishiya, an fara kira. Allah ya dawo mana da ke lafiya."