Yaron da ke zaune a benci shi ma ɗan unguwa ne

Jiya da yamma na buɗe but ɗin mota zan zuba kayan cefane, sai na ci karo da sandar wasan wani yaro da hular kwanonsa, suna nan inda ya ajiye su tun watan Yuni. Na daɗe a tsaye da leda a hannu. Yaron ba nawa ba ne, abokin ɗana ne, shekararsa 13, kuma shekara shida ina ɗaukarsu tare zuwa fili duk Asabar. Rannan da muka dawo daga wasa ya sauka, ya ce “Na gode, Baba,” kamar yadda ya ji ɗana na kirana, bai ɗauki kayansa ba. Na zaci mantuwa ce. Ashe sallama ce.

Saboda shi nake wannan rubutu, kuma da ’yan uwana iyaye mazauna Ailan nake magana, musamman mu da muka zo daga nesa. Na gida ma ku karanta, don na san maganar za ta taɓa ku ta wani wajen.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san wasannin ba bayani. Mutanen Ailan suna da nasu wasannin na gado. Ɗaya shi ne hurling: sanda ce ta itace mai faɗin baki kamar muciya, da ’yar ƙwallo mai tauri da suke kira sliotar, ana dukanta a ƙasa ko a sama, ana kuma cafe ta da hannu. Irin wanda mata ke bugawa sunansa camogie. Ɗayan kuma ƙwallon Gaelic, wadda ake bugawa da ƙafa da hannu duka, amma ba ka wuce taku huɗu da ita sai ka buga ta a ƙasa ko ka ɗan taɓa ta da ƙafa ta dawo hannunka. Mutum goma sha biyar kowane gefe. In ƙwallo ta shiga raga maki uku, in ta bi ta saman ƙarfen tsakanin dogayen turaku biyu maki ɗaya, sai dai a ƙwallon Gaelic, tun 2025, wadda aka buga daga nesa sosai maki biyu ce. Ƙungiyar da ke riƙe da hurling da ƙwallon Gaelic na maza, GAA, an kafa ta ran 1 ga Nuwamba 1884 a wani otal a garin Thurles, lokacin Turawan Ingila na mulkin ƙasar, da niyyar kada wasannin kakanni su mutu. Michael Cusack, malamin makaranta, shi ne ya ja gaba. A 2018 hukumar UNESCO ta saka hurling cikin al’adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da ya fara ɗaure mini kai da na zo shi ne babu wanda ake biya albashi don ya buga. Ɗan wasan da za ka gani a filin Croke Park na Dublin, gaban mutum 82,300, ranar Litinin zai koma aji ya koyar, ko ya koma gona, ko banki. Kuma ba a sayensa. Kulob ɗin unguwar da aka haife shi ko ya tashi, nan ne nasa. Shi ya sa kulob a ƙasar nan ya wuce wurin motsa jiki. Mu abin da muka sani da ya yi kama da shi shi ne gayya. Wani ke yanke ciyawa, wani ke zana farin layi, wata ke wanke riguna ashirin a injin gidanta, wata ke dafa shayi. Ba mai karɓar ko sisi.

Ranar da na fara kai ɗana yana ɗan shekara shida, ana yayyafi, ga iska mai shiga ƙashi. Niyyata in ajiye shi in koma mota in kunna abin ɗumama. Wani dattijo da ya haura saba’in, sanye da doguwar rigar ruwa, ya duƙa gaban yaron. Ya sa shi ya miƙe ya saki hannuwa, ya jingina sanda a gefensa don ya ga ko kanta ya kai wuyan hannu, ya canza masa da ƙarama. Sannan ya tambaye shi da wane hannu yake rubutu, ya ɗora wannan hannun a saman mariƙin, ya ce nan zai zauna har abada. Ya ɗaura masa hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, wadda tun 2010 dole ce ga kowa, yaro da babba. Da ya gama sai ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini jakar ƙwallaye ya ce in riƙe masa. Ban koma mota ba ranar. Bayan wata uku ’yan sandan ƙasar, waɗanda ake kira Garda, sun binciki tarihina kamar yadda doka ta tanada ga duk mai aiki da yara, na yi kwas ɗin kare yara da na farkon koyarwa, na zama ɗaya daga masu horarwa, ni da ban taɓa riƙe sandar ba sai da na wuce shekara arba’in.

To ga inda maganata take. Daga ’yan shekara 12 zuwa ƙasa, GAA tana da tsarin da take kira Go Games. Ana rage fili, a rage yawan ’yan wasa, ba kofi, ba wasan ƙarshe, ba a bayyana wanda ya zo na ɗaya, kuma kowane yaro sai ya buga. A 2023 da hukumar ta sake jaddada cewa ba ta yarda da gasar cin kofi ga waɗannan yara ba, an yi ta cece-kuce a rediyo da jaridu. Wasu suka ce ana lalata yara, ai duniya gasa ce, gara su koyi faɗuwa tun da wuri. Na ji wannan daga bakin Turawa, na ji daga bakin namu. Wani ɗan uwa da muke sallar Juma’a tare ya ce mini, “Malam, wasan da ba ci ba faɗuwa ai ɓata lokaci ne.”

Na fahimce shi, amma ban yarda ba, kuma dalilina daga fili na samo shi. Yaran sun san wanda ya ci. Wallahi sun sani. Kafin a busa usur na ƙarshe ɗan shekara takwas zai gaya maka maki nawa ne, har da wanda alƙali bai gani ba. Ya ji zafin faɗuwa, ya yi kuka in ta kama, bayan minti goma yana cin biskit da abokin karawarsa. Dokar ba don yara aka yi ta ba, don mu manya aka yi ta. Da zarar an ajiye kofi a kan tebur, koci ya daina ganin yara ashirin, sai guda bakwai yake gani. Sai ka ga an ajiye dogon yaro a tsakiya ana ta jefa masa ƙwallo, ƙaramin kuma yana gefe yana tsinkar ciyawa. Alhali dogon nan sau da yawa wata goma kawai ya girme shi, don an haife shi a Janairu, wancan a Nuwamba. A shekara tara, wata goma ba ƙaramin abu ba ne. A shekara goma sha tara kuwa ba wanda zai tuna da shi, in har ƙaramin yana nan bai gudu ba.

Abokin ɗana yana cikin irin waɗannan. Siriri ne, ba shi da gudu, amma hannunsa na da kyau. Na ga ranar da ya fara ɗaga ƙwallo daga ƙasa da sanda: ya ɗora bakin sandar a kanta, ya mirgino ta baya, ya zura ƙasanta, ta yi tsalle ta faɗa tafinsa. Mako bakwai yana gwadawa tana zillewa. Ya juyo yana nemana da ido ta cikin ragar hular. Har gobe ina ganin wannan fuskar. Shekara shida bai fasa zuwa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Sai suka shiga rukunin ’yan 13, inda ake fara lissafin maki da teburin gasa. Wasa uku a jere yana benci. A na huɗu muna gaba da maki goma sha ɗaya, saura minti biyar, na je na raɗa wa wanda ke jagorantar tawagar cewa a saka shi. Ya ce in bari tukuna, bambancin maki na iya amfani a ƙarshen kaka. Mutumin kirki ne, yana ba da lokacinsa kyauta fiye da ni, ba zan ɓata shi ba. Amma ya yi kuskure, ni ma na yi, domin shiru na yi na koma inda nake. Ina ganin bai kamata baƙo ya ɗaga murya a kan wasan da ya tarar ba. Wannan shirun yana damuna har yau.

Na je gidansu bayan mako biyu. Mahaifiyarsa ta ce ba wanda ya zage shi, ba wanda ya dake shi. Cewa kawai ya yi ba sa bukatarsa. Yanzu yana ɗaki da waya.

Ku duba abin da aka rasa. Yaron nan iyayensa ba ’yan ƙasar ba ne, kamar mu. A makaranta ana tambayarsa daga ina ya zo, alhali a asibitin garin aka haife shi. Wuri ɗaya da ba a yi masa wannan tambayar shi ne fili, domin rigar kulob ta riga ta amsa. Wannan ba tatsuniya ba ce a Ailan. Zak Moradi, Bakurde da aka haifa a Iraƙi, ya zo yana yaro, ya ci kofin hurling na Lory Meagher da gundumar Leitrim a Croke Park a 2019. Shairoze Akram, haifaffen Pakistan, ya ci kofin ƙasa na ƙwallon Gaelic na ’yan ƙasa da 21 da gundumar Mayo a 2016. Ana yawan kawo sunayensu, kuma sun cancanta. Amma ni ba don ɗana ya zama su nake kai shi ba. Cikin yara ɗari, wataƙila ko ɗaya ba zai sa rigar gunduma ba. Sauran su ne za su yanke ciyawa nan da shekara talatin, su riƙe kuɗin kulob, su duƙa gaban ɗan wani su auna masa sanda. Dattijon da ya karɓi ɗana ya gaya mini da bakinsa cewa bai taɓa zama gwani ba. Da an kore shi yana 13, wa zai tare mu a ƙofa rannan?

Na san abubuwan da ke sa namu ja da baya, kuma ba zan ce ba su da tushe ba. Kulob da yawa suna da mashaya a cikin gininsu. Akwai cacar mako-mako da suke tara kuɗi da ita. Atisayen Asabar da safe yana karo da Islamiyya. Iyayen ’yan mata suna tunanin sutura. Duk na bi ta nan. Ban taɓa sayen tikitin cacar ba, na gaya wa ma’aji dalilina sau ɗaya, na ce zan riƙa ba da nawa kai tsaye, bai sake kawo mini ba. Mashaya ba na shiga, ana shan shayi a ɗakin taro. Islamiyya muka roƙi malam ya mayar da ajinsu bayan azahar. ’Yata tana buga camogie da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa da ɗan hijabi a cikin hular kwano, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Da azumi na sanar da sauran masu horarwa, suka rage wa masu azumi gudu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka warware daga cikin mota. Sai da na tsaya a bakin fili aka san fuskata, sannan maganata ta yi nauyi.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Mu ne muka fi kowa ajiye yara a ƙofa mu juya. Na san akwai aikin dare, akwai gajiya, akwai jin cewa ba mu san dokokin ba. Amma riƙe jakar ƙwallaye ba ya bukatar sanin doka. Kuma in ba ma nan, ranar da aka bar ɗanmu a benci ba wanda zai yi magana, ranar da wani uba ya tsaya yana zazzaga wa alƙalin wasa ɗan shekara 16 masifa har yaron ya rasa inda zai sa kansa, ba mu da bakin cewa ya isa. Na ga wannan ma da idona, kuma yaranmu suna kallo suna koya.

Ba cewa nake kada a yi gasa bayan shekara 12 ba. A yi. Yara suna so, ni ma ina so, kuma ranar da ɗana ya ci makinsa na farko daga nesa na yi ihu har muryata ta dushe. Abin da nake nema ƙarami ne: a kulob ɗinmu, har zuwa ’yan 15, duk yaron da ke zuwa atisaye ya buga aƙalla rabin wasa, ko ana ci ko ana faɗuwa. In yara sun yi yawa a fitar da tawaga ta biyu, a ba ta koci na gaske da riguna masu kyau, ba ragowa ba. Za mu faɗi wasu wasannin da da mun ci, na yarda da wannan farashin.

Na rubuta wannan shawara zan gabatar da ita a babban taron shekara na kulob, wanda ake yi a ƙarshen shekara. Babban da ya yi rajista a matsayin cikakken mamba ya biya kuɗinsa a kan lokaci ne kawai ke da ƙuri’a, rajistar yaro ba ta ba uba dama. A garinmu iyaye irinmu sun fi goma sha biyar, amma mu biyu ne mambobi. Don Allah duk wanda ɗansa ko ’yarsa ke sa rigar wani kulob a ƙasar nan, ya tambayi sakatare yadda ake rajistar manya, ya kuma tambayi ranar taro.

Sandar da hular kuwa gobe in Allah ya kai mu zan kai su gidansu. Na yi wa mahaifiyarsa waya, ta ce yana dawowa daga makaranta ƙarfe huɗu. Zan tafi da ɗana da ƙwallo ɗaya, akwai bango mai kyau a bayan gidan.