Tun da Manjulika ta zama abokiyar wasa na daina jin tsoronta

Jama'a, yau kan fina-finan Bhool Bhulaiyaa zan yi magana, kuma na san masoyan Kartik Aaryan, jarumin na biyu da na uku, ba za su ji daɗi ba. Wanda bai kalli ukun ba kuma yana da niyyar kalla, ya tsaya a nan, domin zan fasa ƙwai, har ƙarshen labari sai na faɗa.

Matsayata ita ce: na farko, wato na 2007, shi kaɗai ne ya iya haɗa dariya da tsoro ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Na 2022 Tabu ce ta rufa masa asiri. Na 2024 kuwa fim ɗin barkwanci ne da aka rataya wa fatalwa don ado. Mutane da yawa suna cewa matsalar ita ce barkwancin ya yi yawa a na baya-bayan nan. Ni ban yarda ba. Na farkon ma cike yake da barkwanci, wataƙila ma ya fi su sa mutum dariya har da hawaye. Abin dubawa shi ne wa ake yi wa dariyar.

Labarin ba a Mumbai aka haife shi ba. Asalinsa Manichitrathazhu ne, fim ɗin harshen Malayalam na jihar Kerala da ya fito a 1993, wanda Madhu Muttam ya rubuta, Fazil ya ba da umarni, Mohanlal ya fito a likita, Shobana kuma ta ci kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya da shi. An sake yin sa da harshen Kannada a 2004, sannan da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, inda Rajinikanth ya ja ragama. Priyadarshan, wanda ya yi na Hindi a 2007, ɗan Kerala ne, kuma yana cikin daraktocin da suka taya Fazil ɗaukar wasu sassa na asalin fim ɗin. Kenan labarin da ya riga ya san cikinsa da bayansa ya ɗauko, labarin da aka gwada a gaban 'yan kallo har ya zauna.

Ga yadda abin yake. Siddharth da matarsa Avni sun dawo daga Amurka, suka dage sai sun zauna a tsohuwar fadar kakanninsa, dangi suna ta ba su haƙuri. A saman benen akwai ɗaki a kulle. An ce wani sarki, Vibhuti Narayan, ya so wata mai rawa 'yar Bengal mai suna Manjulika, ita kuma zuciyarta na wajen wani mai rawa, Shashidhar. Sarki ya fille masa kai a gabanta, ita kuma ta rataye kanta bayan ta rantse sai ta rama. Avni ta buɗe ɗakin. Daga nan aka fara jin ƙarar 'yan ƙararrawar da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa cikin dare, kaya suna fashewa, tufa tana kamawa da wuta.

To a cikin wannan gida Priyadarshan ya zuba Paresh Rawal da Asrani da Rajpal Yadav. Duk ukun matsorata ne na ƙin ƙarawa. Kana dariya ne saboda ƙaton mutum, magidanci mai gashin baki, yana karkarwa yana neman inda zai ɓoye bayan ya gama cika baki. Rajpal Yadav, wanda ya fito a Chhote Pandit, ya ga abin da ya gani a fadar, ya zauce, ya shafe jikinsa da jan launi yana yawo, daga baya likita ya ce masa ya nisanci ruwa, shi ke nan ya koma tsalle duk inda ya ga ɗigon ruwa. Amma ku lura da abin da wannan dariyar ke yi wa zuciyar mai kallo. Duk lokacin da ka yi wa matsoracin nan dariya, ka ƙara yarda cewa lallai akwai wani abu a saman benen da ya isa ya haukata mutum. Ita Manjulika ba a taɓa sa ta a bakin wasa ba ko sau ɗaya. Ba ta zame ta faɗi ba, ba wanda ya mayar mata da baƙar magana, ba a sa kiɗan shaƙiyanci a lokacin da ta fito ba.

Akwai wata dabara kuma da ba kowa ke kula da ita ba. Akshay Kumar, babban jarumin da sunansa ya sayar da fim ɗin, bai shigo labarin ba sai da aka kusa tafiya hutun rabin lokaci. Wane furodusa ne yau zai yarda ya biya jarumi kuɗi masu yawa sannan a ɓoye shi tsawon wannan lokaci? Amma wannan jinkirin ne ya ba tsoro damar yin jijiya. Babu gwarzo a gidan, babu wanda za ka jingina da shi ka ce ai zai yi maganinta. Da ya zo kuma a matsayin Dakta Aditya, likitan ƙwaƙwalwa, da shirme ya shigo, har mutanen gidan suna cewa shi ne ma mahaukacin. Sai dai shirmensa na da rana: yana yi ne yana nazarin kowa. Daren da ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan ya yi magana da muryar sarki, aka amsa masa daga ciki da harshen Bengali cewa ranar Durgashtami, wani bikin addinin Hindu, za a kashe shi, babu ko ɗigon wasa a fuskarsa. Mutumin da ya gama ba ka dariya ne ka ga ya nutsu, sai kai ma ka gyara zama.

Sannan aka zo inda Siddharth ya hana Avni fita don ya gwada ta, muryarta ta canja, ta ɗaga gado da hannu ɗaya. Sannan rawar "Ami Je Tomar", gashi a barbaje, kwalli ya dame a fuska. Vidya Balan, wadda ta fito a Avni, ba ta buƙaci aikin kwamfuta ba, idonta kawai ya wadatar. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne gano cewa babu wata fatalwa. Avni ce ke fama da ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ɗauki kansa wani daban, ciwon da ya samo tushe daga abin da ya same ta tun tana yarinya, lokacin da aka raba ta da kakarta mai ba ta tatsuniyoyi. Matar da kake so, wadda kuke kwana ɗaki ɗaya, ita ce ke shirin kashe ka ba ta sani ba. Wannan ya fi kowace fatalwa mai yawo a sama ban tsoro, kuma mu nan da muke yawan gardama a gidajenmu kan ko a kai mara lafiya wajen ruƙiyya ko a kai shi asibiti, mun san nauyin wannan magana. A fim ɗin, likitan da malamin addininsu haɗa kai suka yi, aka bar ta ta huce fushinta kan mutum-mutumi tana zaton sarkin ta kashe. Ba na cewa haka ake warkar da irin wannan ciwo, wannan maganin fim ne kawai, kada wani ya gwada. Amma a matsayin labari, ya ɗaure.

Bayan shekara 15 Anees Bazmee ya karɓi aikin. Kada a ce laifin shi ne daraktan barkwanci ne, mai No Entry da Welcome. Priyadarshan ma ai shi ya yi Hera Pheri. Abin da ya canja shi ne matsayin jarumi. Ruhaan na Kartik Aaryan ɗan damfara ne, Rooh Baba, wanda ke ƙaryar yana magana da matattu don ya rufa wa wata budurwa mai suna Reet asiri, ita kuma tana ɓoye a tsohon gidan, danginta suna zaton ta mutu a haɗarin mota. Kenan tun daga farko an sanar da mai kallo cewa maganar da jarumi ke yi da matattu wasa ce, mu da jarumi mun san gaskiya, muna yi wa masu tsoron dariya saboda wautarsu. A na farko matsorata suna da gaskiya, a nan kuwa wawaye ne. To idan fatalwar gaske ta fito daga baya, da wace zuciya zan ji tsoronta, bayan an ɓata lokaci mai tsawo ana koya mini raina ta? Kamar mai ba yara tatsuniyar Dodo ne da dare, yana yi yana ƙyalƙyala dariya, ba yaron da zai ƙanƙame uwarsa.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne Tabu. Ta fito a tagwaye, Anjulika da Manjulika, kuma ta yi wasanta kamar ba ta san akwai masu barkwanci a fim ɗin ba. Juyin da aka yi a ƙarshe yana da kyau ƙwarai: ashe wadda aka kulle a ɗaki shekara 18 ita ce ta kirkin, muguwar kuma ita ce ke zaune cikin dangi da sunan 'yar'uwarta, tana ba da umarni, kowa na girmama ta. Duk inda Tabu take, fim ɗin yana da nauyi. Da zarar an koma kan su Sanjay Mishra da Rajpal Yadav, sai ka ji kamar an canja tasha.

Na uku, wanda ya fito ranar 1 ga Nuwamba 2024 lokacin bikin Diwali, shi ya fi ba ni haushi, domin shi ya fi kayan aiki. An dawo da Vidya Balan, an kawo Madhuri Dixit, an haɗa su rawa. Wa zai ƙi kallon wannan? Amma an mayar da su abin cinke, wace ce Manjulika a cikin biyun, kowacce ana sa ta zare ido ta yi dariyar mugunta don a ruɗa mu. Tsakanin haka kuma sai barkwancin gidan sarautar da ya talauce har suna kwana a wajen dabbobi, sai tsokanar wasu fina-finai, sai waƙa. A ƙarshe-ƙarshe aka ce fatalwar ba ko ɗaya daga cikinsu ba ce, ɗan'uwansu yarima ne, wanda suka tona wa asiri wajen ubansu saboda kwaɗayin sarauta, aka ƙone shi da ransa. Wannan fa labari ne mai ciwo, irin wanda in da an shuka shi tun farko zai iya riƙe fim gaba ɗaya. Sai aka ajiye shi har sai da mutane suka fara neman takalmansu. Bahaushe ya ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Manjulika da a da sunanta kawai ke sa a yi shiru, yanzu an kira ta an kira ta har ta zama tambarin talla, waƙarta kuma kowane kashi sai an sake mata sabon kiɗa.

Na san amsar da za a ba ni: na biyu da na uku sun tara kuɗin da na farko bai tara ba. Gaskiya ne. Na 2022 ya fito a lokacin da fina-finan Hindi da yawa ke faɗuwa bayan korona, shi kuma ya cika silima. Na 2024 ya fito rana ɗaya da wani babban fim, Singham Again, bai ji kunya ba. Kuma na fahimci lissafin furodusa: fim ɗin da uba zai shiga da matarsa da yaransa ya fi wanda zai hana yaro barci kawo kuɗi. Sai dai wannan hujjar tana nuna kamar dole ne a zaɓi ɗaya, ko kuɗi ko tsoro, alhali Stree na Amar Kaushik ya ƙaryata haka tun 2018. A garin Chanderi fatalwar mace ce ke ɗauke maza da dare lokacin biki, ta bar tufafinsu a ƙasa, mutane suna rubutu a bangon gidajensu suna roƙon ta dawo gobe. Rajkummar Rao da Pankaj Tripathi sun ba da dariya iya dariya, amma duk a kan maza ne, waɗanda suka wayi gari ana ce musu kada su fita da dare su kaɗai, irin kashedin da aka saba yi wa mata. Ita fatalwar an bar mata kwarjininta da dalilin fushinta. Fim ɗin ya yi kasuwa, kashi na biyunsa a 2024 ya fi shi ma nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan taɓa namu na gida, masu fassara mana fina-finan Indiya. Allah ya saka musu, sun kai fim inda turanci da Hindi ba su kai ba, kuma salon maganarsu wani lokacin ya fi na asalin daɗi. Amma a fim ɗin ban tsoro akwai wuraren da darakta ya bari shiru da gangan, mace tana hawa bene da fitila, ba ka jin komai sai takunta. Idan mai fassara ya ga wurin ba magana ya ce bari ya cike shi da zolaya, to ya yi wa fim ɗin abin da Bazmee ya yi wa Manjulika. Ku yi mana barkwancinku a bakin cali, wurinsa ne, ku bar mana shirun.

Idan har za su yi na huɗu, ba na neman a kori Kartik, yaron yana da jini, kuma a wurin da ya yi kamar Manjulika ta hau kansa a na biyu ya nuna zai iya. Ba na neman a kori Rajpal Yadav, shi ne ma ya fito a duk ukun. Abin da nake so shi ne a rubuta labarin fatalwar tukuna, a san wace ce, me aka yi mata, wa take nema, kafin a kira masu rubuta barkwanci. A bar Rooh Baba ya yi damfararsa a farko in ana so, amma ranar da ya haɗu da ita, bakinsa ya mutu, kada a ba shi ko kalma ɗaya ta zolaya. Chhote Pandit kuma a mayar da shi yadda yake a 2007, mutumin da tsoro ya zautar, a daina sa shi haɗa baki da 'yan damfara.