Haɗin da ke miƙar da tsohuwa a kwana uku

Wannan bidiyon da ake ta turawa a guruf-guruf tun shekaranjiya, na mutumin da ya tsayar da tsohuwa gaban kyamara yana sa ta tsuguna ta miƙe, wai haɗinsa ya raba ta da sanyin ƙashi a kwana uku, duk wanda ya tura shi ya daure ya koma ya goge. Cutar mutane ake yi, kuma masu yaɗawa suna da kamasho a ciki. Babu ganye, babu sassaƙe, babu garin da ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye a kwana uku. Abubuwan da ke kashe zafin gwiwa da irin wannan sauri an san su: dexa (wato dexamethasone, ƙwaya mai ƙarfi da ke danne kumburi) da danginta, sai magungunan kashe zafi irin su diklofenak da firoksikam. A 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu magungunan gaɓoɓi da ake sayarwa da sunan na gargajiya, da aka auna su aka tarar da dexa da diklofenak a ɓoye a ciki. Me zai sa mu ɗauka robar da babu rubutun komai a jikinta ta fi waɗancan gaskiya?

Kashe zafi daban, magani daban. Wannan kaɗai nake so ya zauna a zukatan mutane.

Matsalar ta fara ne daga sunan da muka ba abin. Duk wanda gaɓa ta dame shi sai a ce sanyin ƙashi ne, ko amosani, alhali cututtuka ne daban-daban da suka haɗu a wuri guda. Wanda ya fi yawa shi ne zaizayewar guringuntsi. Ƙarshen kowane ƙashi a cikin gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, kaurinsa 'yan milimita ne kawai, kuma babu hanyar jini a cikinsa. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kamar soso: in an taka ƙafa ya matse, in an ɗaga ya tsotsi ruwa. Shi ya sa in ya lalace ba ya farfaɗowa da sauƙi, shi ya sa kuma zama wuri ɗaya yake ƙara kashe shi. Shekaru, ƙiba, tsohon targaɗe ko karaya, gado, da aikin tsuguno da ɗaukar kaya suna sa shi ya yi laushi ya tsattsage ya sirance. Ƙashin da ke ƙasansa ya yi tauri, gefensa ya fitar da 'yan ƙahonni, tsokar cinya ta rame saboda mutum yana lallaɓa ƙafar, gwiwa ta fara bauɗewa. Mai wannan ciwo in ya tashi da safe gaɓar takan sandare, amma kafin minti 30 ta saki, zafin kuma da tafiya da hawa bene yake ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke da shi, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa. Dexa ba ta ƙara wa guringuntsin nan ko kaurin gashi ɗaya.

Rumatoyid wani abu ne dabam ƙwarai. Nan garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa tantanin da ya kewaye gaɓa, ya kumbura ya yi kauri, ya rinƙa cin guringuntsi da ƙashi. Ya fi kama mata, har da masu shekara 30 da 40, kuma yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Mace ta tashi da asuba hannu a ƙage, awa guda ko fiye ba ta iya murɗa marfin kwalba ko matse wanki, ga gajiya. Wannan shi ne ciwon da haɗin kemis ya fi yi wa ɓarna, domin yana da magani na gaske kuma yana da lokaci. In an fara maganin cikin watannin farko ana iya tsayar da shi kafin yatsu su karkace. Likita zai sa a yi gwajin jini na RF da anti-CCP da ESR, ya duba hanta da ƙoda, sannan yawanci ya ɗora mutum kan metotrezet. Maganin nan sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, wanda ya sha kullum bisa kuskure zai iya rasa ransa. Ana haɗa shi da folik asid, mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa. A cikin makonnin nan ne wata maƙwabciya za ta zo ta ce maganin asibiti ba ya ci, ga wani haɗi. A bar na likita, a ji daɗin wata shida, a dawo da hannu ya nakasa. Yatsan da ya riga ya karkace, babu ƙwayar da za ta miƙar da shi.

Sai gawut, wanda ke tayar da magidanci cikin dare da babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zafi har mayafi ba ya iya taɓa shi. Sinadarin yurik asid ne ya yi yawa a jini ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Kayan ciki, hanta, ƙoda, yawan jan nama, giya da lemon kwalba suna tunzura shi, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Maganinsa na dindindin alofurinol ne, ana farawa da kaɗan, kamar miligiram 100, ana ƙarawa ana auna jini har yurik asid ya sauko ƙasa da 6 a ma'aunin gwajin jini (mg/dL).

Akwai kuma wanda ba a kwana da shi a gida: gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, mutum ba ya iya motsa ta. Ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma cikin 'yan kwanaki take iya cinye guringuntsi. A ba wannan dexa, an rufe alamar, an kuma karya masa garkuwa. Masu sikila ma, da muke da su da yawa a gidajenmu, ciwon kwatangwalonsu sau da yawa mutuwar kan ƙashin cinya ce saboda toshewar jini, kuma dexa da kanta tana jawo irin wannan mutuwar ƙashi. To wane haɗi ne guda ɗaya zai yi maganin waɗannan duka?

Za a ce ai likitoci ma suna ba da irin su dexa. Suna bayarwa, da awo, da ranar dainawa, bayan sun san cutar. Za a ce ai Hajiya ta sha ta miƙe har tana zuwa biki. Ku koma ku ga Hajiya bayan shekara. Fuska ta yi kumtsum, ciki ya fito, hannu da ƙafa sun sirance, fata ta yi laushi tana ɓurma, suga ya hau, jini ya hau, ido ya fara yana, ƙashi ya zama kamar kara, ɗan zamewa a banɗaki sai karaya. 'Yan uwa kuma suna ta barka wai ta yi ƙiba ta samu lafiya. Diklofenak da firoksikam da ibufurofen da aka zuba a leda ɗaya aikinsu iri ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara gyambon ciki da aman jini da mutuwar ƙoda. Masu cewa talaka ba shi da kuɗin asibiti, su tambayi kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya.

Wanda ya riga ya shafe fiye da mako uku yana shan dexa ko wani haɗin da bai san cikinsa ba, don Allah kada ya yanke lokaci guda. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki irin wannan sinadari, in an daɗe ana sha daga waje sai ta daina aiki. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, faɗuwar jini da suma. A ɗauki ledar ko robar a kai wa likita ya rage a hankali.

Abin da yake aiki ga zaizayewar gwiwa ba shi da armashin da za a yi bidiyo da shi. Kowane kilo ɗaya da aka rage a jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku, don haka mai kilo 90 da ya zubar da 5 zuwa 9 zai ji bambanci. A ƙarfafa tsokar cinya: a zauna kan kujera, a miƙe ƙafa sosai, a riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, a sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. A yi tafiya a fili mai laushi, a fara da minti 10 ana ƙarawa. In zafin ya ƙaru ya kai gobe, an wuce gona da iri, a rage amma kada a daina. Man diklofenak na shafawa ya fi ƙwayarsa aminci ga tsofaffi. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini. Allurar cikin gwiwa likita ne ke yi, ba a maimaita ta ƙasa da wata uku. In gaɓa ta ƙare gaba ɗaya akwai aikin canjin gwiwa da na kwatangwalo, ana yin su a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

Wani abu kuma da nake so 'ya'ya su kula da shi: iyayenmu da yawa suna azabtar da gwiwa a wajen salla saboda kunyar a gan su kan kujera. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ku saya wa Baba kujera mai ƙwari mai hannu, ku ɗora wa Inna mazauni a kan masai ta huta da tsuguno, ku kafa mata ƙarfen kamawa a bango. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: in gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hannun hagu, tsawonta ya kai wuyan hannu in mutum yana tsaye.