Ba kowane zazzaɓin bayan atisaye ba ne maleriya

Duk wanda ke bi ta gefen filin ƙwallon unguwa da sassafe, ko ta titin da samari ke sassarfa idan an buɗe ɗaukar soja ko 'yan sanda, ya san maganar da ake yi washegari. "Ai wane bai fito ba yau, zazzaɓi ya kayar da shi." A je dubiya a tarar da shi a dunƙule kan katifa, kai na sarawa, jiki ya yi tsami, ko ƙanshin abinci ba ya son ji. Kafin azahar an aiki yaro kemis, an haɗo masa maganin maleriya da waɗansu ƙwayoyi jajaye da farare ƙulle a leda. Ba wanda ya yi masa gwaji. Ba kuma wanda ya tambaye shi abin da ya ci kafin ya fita, balle abin da ya sa wa cikinsa da ya dawo.

Ni dai a ganina, yawancin waɗannan samarin yunwa ce da ƙishirwa da gaggawa suka kwantar da su, mu kuma muka ɗora wa sauro laifi. Mun ɗauki atisaye a matsayin abin da ake yi a fili kawai, mun manta cewa rabinsa a kwano yake.

Jiki yana da ma'ajiyar sukari da yake ɗiba idan ana aiki mai tsanani, likitoci na kiranta gilaikojin. A jikin baligi akwai kamar giram 400 a tsoka, da kamar giram 100 a hanta. Idan ana gudu da gaske, wannan ajiyar ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ta hanta kuwa ita ke riƙe sukarin jini duk tsawon dare kana barci, don haka kafin ka idar da sallar asuba ta riga ta yi ƙasa sosai. To ka dubi yaron da ya ci tuwo bayan magariba, ya yi hira a majalisa har sha biyun dare, ya tashi ya ɗaura takalmi ba ko kurɓin koko, ya yi zagayen fili, ya yi tsalle-tsalle, sannan aka raba riguna aka buga wasa. Hannu ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto, ido ya fara ganin duhu-duhu. Hausawa sun gama magana tun tuni: da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai batun ruwa. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'aunin zafi ke haura 40, mai gudu zai iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda. Da zarar ka rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinka ta hanyar gumi, ƙarfinka ya fara raguwa, zuciya na ƙara bugu don ta tura jinin da ya ragu, ciwon kai na tafe. Gumin nan kuma ba ruwa kaɗai ba ne. Farin zanen da kake gani a bayan baƙar riga idan ta bushe, gishirin jikinka ne ya fita. Mai ma'auni a kusa zai iya gwada kansa kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce, kuma ana so a mayar da ɗan fiye da haka, a hankali cikin awoyi, tare da abinci mai gishiri. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi fitsarinsa. Ruwan gishiri da sukarin nan da iyaye mata ke haɗa wa yaro mai gudawa yana aiki a nan ma: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kada kuma wani ya ji haka ya ce zai shanye jaka guda ta fiyawata. A gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Boston a Amurka a 2002, an auna jinin masu gudu 488 bayan sun kammala, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda sun sha ruwa fiye da abin da suka zubar. A gasar ta wannan shekarar wata mai gudu ta rasu sanadiyyar haka. Abin haushin shi ne alamominsa sun yi kama da na ƙarancin ruwa, ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, sai a yi ta ɗura wa mutum ƙari.

Aman da wasu ke yi a gefen fili shi ma yana da dalili. Lokacin aiki mai tsanani jiki na janye fiye da rabin jinin da ke zuwa hanji ya tura wa tsoka da fata, narkar da abinci ta kusan tsayawa. Wanda ya narki masa da miyar taushe ya fito nan take, shi da wanda bai ci komai ba duk za su ji jiki, kowa ta hanyarsa. Abinci mai nauyi yana son awa biyu zuwa uku kafin fita. Idan da asuba ne, ayaba ko dabino 'yan ƙwaya ko rabin kofin kunu sun isa. Wanda kuma ya gama gudu ya tsaya cak, jini ya taru masa a ƙafafu, shi ne ke yanke jiki ya faɗi. Ɗan tattaki na minti biyar yana hana wannan.

Yanzu abin da ake ci bayan an dawo, wanda shi ne ya sa na yi wannan rubutun. Tsokar da ta sha aiki tana buƙatar abu biyu: sitaci da zai cika ma'ajiyar da ta ƙare, da furotin da zai gyara ƙananan yagewar da aka yi mata. Masana abincin 'yan wasa na cewa giram 20 zuwa 30 na furotin a zama ɗaya ya wadatar wa yawancin mutane, mai ɗaga ƙarfe kuma ya nemi kamar giram 1.6 kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Saurayi mai kilo 65 ke nan yana neman kamar giram 100. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Kofin dafaffen wake ya haura 12, kofin nono kusan 8.

Ka ga ke nan ba sai an je kanti an sayo ƙaton roban garin furotin da aka shigo da shi daga waje ba, wanda kuɗinsa zai ciyar da gida mako guda. Ban ce garin haramun ne ba. Mai hali ya saya, yawancinsa daga madara ake tace shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaron da ke tara kuɗin gari yana tsallake karin kumallo. Dubi kwaryar fura da nono da Bafulatana ke damawa a bakin tasha: gero na ba da sitaci, nono na ba da furotin da ruwa, ga sanyi. Dubi garau-garau. Wake yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da shinkafa ke da shi, shinkafa kuma na da ƙarancin wanda wake ke da shi, idan suka haɗu a faranti ɗaya sai su cike wa juna, ga gishiri da yaji a kai. Awara, ƙosai da koko, alale, ƙuli-ƙuli a garin kwaki, kunun gyaɗa, burodi da ƙwai a teburin mai shayi. Ɗan dambe a da ba ya shiga fage sai an kula da cikinsa, kuma lebura mai haƙar rami ya san ƙimar dumamen safe fiye da wasu masu zuwa gidan motsa jiki da jaka a kafaɗa.

Na san ƙwai da nama sun yi tsada, ba a wata duniyar nake ba. Amma wanda ke iya sayen lemon ƙara kuzari kullum zai iya sayen awara. Lemon nan sukari ne da sinadarin kafeyin irin na kofi, zai ɓoye maka gajiya na ɗan lokaci, ba zai gyara tsoka ko ɗaya ba, idan kuma da yamma ka sha shi ya hana ka barcin da jiki ke yin yawancin gyaransa a ciki.

'Yan'uwa mata masu neman rage ƙiba, ku ma da ku nake. A daina cin abinci, a sha shayin da ke sa gudawa, a ɗaure ciki da roba a yi tsalle awa guda, sannan a yi mamakin jiri. Mace da ke jinin al'ada ta fi namiji buƙatar sinadarin ƙarfen jini, kuma ƙarancinsa kaɗai na sa haki da kasala. Idan jirin ya ƙi tafiya a auna jini.

Da azumi kuwa, buga ƙwallo da la'asar sakaliya cikin rana ganganci ne. Ko a Ingila, a watan Afrilun 2021, an ɗan dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa, kuma waɗannan suna da likitoci a gefen fili. Kai da ba ka da kowa, ka bari sai bayan tarawihi.

Ban ce ba a kamuwa da maleriya ba, musamman da damina. Tsamin jiki na atisaye yana da tsarinsa: yakan fara bayan wasu awoyi, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya fi zama a tsokar da ta yi aikin, sannan ya lafa da kansa. Idan akwai zazzaɓi na gaske, da rawar sanyi, ko abin ya ƙi sauƙi bayan an ci an sha an huta, a je a yi gwaji, minti ashirin ne. Abin da nake ƙi shi ne shan magani da ka.

Mafi hatsari a cikin ledar nan ta kemis ma ba maganin maleriyar ba ne, magungunan kashe ciwo ne irin su ibufurofen da dikulofenak. Ƙoda na cikin wahala idan jiki ya bushe, waɗannan magungunan kuma suna rage jinin da ke isa gare ta. Mutum ya dawo a bushe, cikinsa wayam, ya watsa biyu-biyu da ɗan kurɓin ruwa, gobe ya maimaita don ya iya fita. Balle a zo ga masu haɗawa da taramol don kada su ji gajiya.

Akwai kuma ciwon da ya kamata kowane koci ya san sunansa, rabdomayolisis. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ƙwayoyinta na fashewa su zubar da abin da ke cikinsu a jini, wani sinadari mai suna mayogulobin ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka da ya wuce misali, kumburi, cinya ko damtse su ƙi lanƙwasuwa, sai fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu sosai. Wannan ba na gashi da ruwan zafi ba ne, ba na man zafi ba ne. Asibiti ake zuwa a ranar, a faɗa wa likita irin atisayen da aka yi, domin ƙarin ruwa da wuri shi ke raba mutum da wankin ƙoda. A watan Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa a asibiti da wannan ciwon, bayan sun dawo hutu aka sa su tsugunna-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa. Ƙarti ne masu ci su ƙoshi, suna da ƙwararrun masu horarwa. Ina ga yaronmu da aka sa tsallen kwaɗo zagayen fili a ranarsa ta farko don ya makara?

Abin ya fi shafarmu ta wata fuska. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa amma ba shi da cutar. Mai AS lafiyarsa ƙalau, akwai manyan 'yan wasa da yawa masu shi, amma idan zafi da ƙishirwa da aiki mai tsanani suka haɗu hatsarinsa ya ɗara na wasu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan baƙaƙen fata kusan 48,000 a rundunar sojan Amurka ya nuna masu AS sun fi sauran kamuwa da wannan fashewar tsoka da kusan rabi, sai dai ba su fi su mutuwa ba, a rundunar da ta riga ta kafa dokokin shan ruwa da hutu da saba wa jiki zafi sannu a hankali. Mu a nan gwajin jini sai an zo aure ake tunawa da shi.

Shi ya sa nake ganin kaso mafi girma na laifin yana kan masu riƙe da usur. Yaro ya ce "Koci, wallahi jiri nake ji," a ce masa "Kai dalla daina raki, namiji ne kai ko mace?" Sauran su yi dariya, shi kuma kunya ta sa ya ci gaba. Idan ya faɗi yana sambatu, jikinsa zau, a tsaya ana yi masa fifita da kwali, alhali abin yi shi ne a kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Koci, ba kuɗi ake nema a wurinka ba. Ka tambayi sabon yaro ko AS ne, da abin da ya ci da safe. Wanda ya dawo daga hutu ko daga jinya ka ba shi rabin aikin sauran na mako biyun farko. Ka matsar da atisayen bazara zuwa kafin rana ta ɗaga, kuma kada a hura usur sai an ajiye jarkar ruwa a gefen fili.